Aji mai kusurwa huɗu: aikin malam da iyaye

A watan Oktoba ne yara ke komawa lakwal. A ƙauyuka da yawa na ƙasar Gaya aji fanko ne: allo ɗaya, alli, sai malam. Yaron da ke zaune wuni guda yana kallon allo yakan gaji, ya manta. Abin da hannunsa ya taɓa shi ke zama a kansa. Don haka malami mai dabara yake raba aji kusurwa huɗu. Kayan kuwa suna nan cikin gari.

1. Kusurwar karatu
A shimfiɗa tabarmar kaba kusa da taga, inda haske yake. A rubuta baƙaƙe manya a kan kwali, a rataya daidai idon yaro. Damanar Gaya ta fi ta sauran wuraren Nijar ruwa, ga kuma gara. Sai a sa littattafai cikin akwatin ƙarfe, a ɗora shi kan duwatsu.

2. Kusurwar lissafi
A tara tsakuwa, ƙwallon goruba da marufan kwalba. A yanka kara, a ɗaure goma goma. Ɗauri 3 da kara 4 su ne 34. A ajiye mudu da kuɗin kwali, yara su yi wasan kasuwa. Lakwal na ƙidaya da faran, kasuwa na ƙidaya da dala. Dala 1 faran 5 ce. Faran 100 dala 20 ke nan. Yaron da ya san wannan ba a cutarsa a kasuwar Gaya, ko Malanbil, ko Kamba.

3. Kusurwar albarkar ƙasa
A kawo zangarniyar gero, shinkafa, rake, ɗan giginya da gishirin Foga. Kowane da sunansa a rubuce, da Faransanci da kuma harshen yaran: Hausa, Dandanci, Zabarmanci ko Fulatanci. Tun 1973 Nijar ta fara gwada koyarwa cikin harshen gida, a Damagaram.

4. Kusurwar tsabta
Randa mai marufi, moɗa, buta da sabulu, a bakin ƙofa. Yara su riƙa cika randa bi da bi.

Hattara da wuta
Aji na zana ba ya son wuta. A 2021 gobara ta kashe yara kamar 20 a wata lakwal a Yamai, ta kashe fiye da 20 a Maradi. Kada a tare ƙofa da kaya. Masu tuya su yi nisa da aji. A ajiye bokitin yashi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mata su saƙa tabarma, masassaƙi ya yi benci, ƴan kasuwa su ba da kwali. Kwamitin iyaye ya zauna da malam kafin a buɗe lakwal.

Tambayoyi don mahawara
1. Faran 250 dala nawa ne?
2. Wace kusurwa ce babu a ajin garin nan?
3. Wa zai kawo me, kuma wace rana?