Jijiyar Gwiwa Ba Ta Son Gaggawa

'Yan uwa ɗalibai, ina jan hankalinmu kan jijiyar da ta haɗa ƙoƙon gwiwa da ƙwauri. Ita ce ta tsinke wa Ronaldo na Barazil a 2000, yana Inter Milan.

Tsoka tana saurin yin ƙarfi, jijiya kuwa sai a hankali. Ka gama hutu a zaune, ka dawo kana atisaye safe da yamma, wallahi ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Yawan tsalle kan siminti a ƙwallon raga ko kwando, ƙiba, da taurin tsokar cinya duk suna ƙara haɗarin. Haka Ciprofloxacin da ake sha don taifot, yana iya raunana jijiya.

In ƙasan ƙoƙon yana ciwo bayan wasa, rage tsalle, ka ga likita.