Ruwan lagireto: wanne ya dace da tsohuwar mota?

Jama'a masu karatu, darasin yau na direbobi ne, da yaran mota, da duk wanda ya tara kuɗin albasa ya sayi tsohuwar mota don neman abinci.

A gundumomin Birnin Ƙwanni da Malbaza da Illela, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafi na wuce digiri 40. Lokacin ne ake yawan ganin motoci tsaye bakin hanya, tsakanin Galmi da Malbaza, ko tsakanin Tsarnawa da Badagishiri, murfin inji a ɗage, tururi na tashi. Sai a ce tsufa ne. Sau da yawa ba tsufa ba ne. Ruwan da anka zuba cikin lagireto ne ya jawo ɓarnar.

1. Mine ne aikin ruwa cikin inji?

Inji na ƙona mai, ƙonawar na kawo zafi. Akwai ƙananan hanyoyi cikin jikin inji inda ruwa ke bi yana kwasar zafin. Famfon ruwa ke tura shi zuwa lagireto. Can iska da fanka ke sanyaya shi, sannan ya koma inji. Haka yake zagayawa muddin mota na aiki.

Inji mai lafiya na aiki da zafin digiri 80 zuwa 95. Ruwa zalla na tafasa a digiri 100. Kun ga tazarar ba ta da yawa. In mota ta ɗauki buhunan albasa, rana ta take, ga hawa, ruwan na iya tafasa. In ya tafasa ya zube, kan inji na iya lanƙwashewa, gasket ya ƙone. Gyaran nan na cin kuɗi da yawa, mota kuma ta yi kwanaki a garaji.

2. Don mi ruwan rijiya bai isa ba?

Dalili na farko, tsatsa. Ruwa zalla na cin ƙarfe. Ku dubi ruwan lagireton da ya daɗe: ja ne kamar ruwan tabki. Wannan jan, jikin inji ne ke narkewa kaɗan kaɗan.

Dalili na biyu, farar ƙasa. Ƙasarmu na da dutsen farar ƙasa. Saboda shi ne anka kafa masana'antar siminti a Malbaza, wadda ta fara aiki a 1966. A ƙasa mai irin wannan dutse, ruwan rijiyoyi da yawa na ɗauke da farar ƙasa narke, ido ba ya ganinta. Ku leƙa cikin butar shayi wadda ta daɗe bisa wuta. Za ku ga farin ɓawo manne a gindinta. Irin ɓawon nan ne ke taruwa cikin lagireto, ya toshe siraran hanyoyinsa. Ruwa ya kasa wucewa, inji ya ɗauki zafi.

Ruwan tabki da na gulbi sun fi muni, don suna da laka. Ruwan leda na sha ne, shi ma yana barin ɓawo.

3. Mine ne ruwan sanyaya inji?

Shi ne ruwa mai launi da ake saidawa cikin jarka a shagunan kayan mota da gidajen mai. Abu uku ne a haɗe: ruwa mai tsabta, da wani sinadari mai suna gilikol, da maganin tsatsa.

A jikin wasu jarkoki an rubuta « antigel », wato mai hana daskarewa. Wasu direbobi na cewa: « Mu ba mu da ƙanƙara, mi za mu yi da shi? » Gaskiya ne ruwa ba ya daskarewa a nan, ko cikin hunturu. Amma yana da wasu amfani biyu. Yana hana tsatsa. Yana kuma jinkirta tafasa: in anka haɗa rabi da rabi, sai zafi ya kai wajen digiri 108 yake tafasa. In murfin lagireto na riƙewa sosai, yana wuce digiri 120 bai tafasa ba.

4. Iri nawa ne?

Iri uku ne manya.

Na farko, irin na da. A jarka ana rubuta « minéral » ko IAT. Yana shafe ƙarfe da wani siririn rufi mai tsare jan ƙarfe da tagulla da dalma. Ƙarfinsa na ƙarewa da wuri. Ana canza shi duk shekara 2.

Na biyu, irin na zamani. Ana rubuta « organique » ko OAT. Ya bazu ne daga wajen 1995. An yi shi don sababbin motoci masu lagireton alminiyam da roba. Yana kai shekara 5.

Na uku, gauraye, tsakanin biyun. Ana rubuta « hybride » ko HOAT.

5. Wanne za a zaɓa wa tsohuwar mota?

In littafin mota na nan, a bi abin da ya ce. In ya ɓata, a dubi lagireto.

Motocin da, kamar Peugeot 404 da 504, sun fito da lagireton jan ƙarfe da tagulla, wanda anka liƙe da dalma. Ita 504 an fara ƙera ta a Faransa a 1968, daga baya anka yi shekaru ana harhaɗa ta a Kaduna. Gane irin wannan lagireto ba wuya. Sama da ƙasansa ƙarfe ne, mai baƙin fenti. In anka ɗan kankare fentin, za a ga ƙarfe ja ko rawaya. Shi ne wanda mai gyara ke iya liƙewa da dalma in ya huje.

Irin wannan mota, ruwa irin na da ya dace da ita. Na zamani ba ya tsare dalma sosai. Ba don ya fi tsada ko ya fi daɗewa ne zai fi dacewa ba. Kowace ƙwarya da abokin burminta.

In kuwa lagireton fari ne, sama da ƙasansa roba, to motar ta baya-bayan nan ce, ko an canza mata lagireto. Sai a tambayi makaniken da ya san motar.

6. Kada launi ya ruɗe ku

Akwai kore, da shuɗi, da ja, da rawaya. Launin nan rini ne kawai. Galibi irin na da kore ne ko shuɗi, amma ba kullum ba. Jan da kamfanin Toyota ke yi wa motocinsa daban yake da jan wasu kamfanoni. Saboda haka a karanta rubutun jarka. Ga ranar ilimin da kunka koya! Jarkar da ba ta da rubutu, ko wadda anka riga anka buɗe bakinta, a bar ta. Araha ba ta ado.

Kada a haɗa iri biyu. In sunka haɗu, maganin tsatsa na raguwa, wani lokaci su yi kauri su toshe lagireto.

7. Yadda ake haɗawa

In an rubuta « prêt à l'emploi », an riga an haɗa. A zuba haka nan, kada a ƙara ruwa.

In an rubuta « concentré », sai an sirka. Rabi shi, rabi ruwa. A ƙasa mai zafi kashi ɗaya cikin uku ma ya isa, amma kada a kasa haka. Kada kuma a zuba shi tsantsa, don gilikol tsantsa bai kai ruwa kwasar zafi ba.

Lambar da ke jikin jarka na nuna ƙarfin haɗin: -35 kusan rabi da rabi ne, -18 kusan kashi ɗaya cikin uku ne.

Ruwan sirkawa shi ne tataccen ruwa wanda ake ƙara wa batir. A kula ƙwarai: ba ruwan batir mai asid ba, wanda ke cin tufafi. In babu, a tari ruwan sama cikin roba mai tsabta, a tace da ƙyalle.

8. Kafin a zuba sabo

A bari inji ya huce sarai.
A kwance tiyon ƙasa, tsohon ruwa ya fita.
A ɗauraye da ruwa mai tsabta har ya fito garau.
A toshe duk inda ke yoyo. A duba tiyo da fambel da murfin lagireto.
A zuba sabon ruwa a hankali, a tada inji don iska ta fita, a cika.
A rubuta ranar da anka canza cikin ɗan littafi.

In tafiya ta kama ku a daji, ruwa ya ƙare, ku jira inji ya huce, ku zuba ruwan da kunka samu mafi tsabta. In kun isa gari, ku zubar ku sake sabo.

9. Hattara!

Kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Tafasasshen ruwa na iya ƙona fuska da hannu.

Ruwan nan guba ne, ga shi da ɗan zaƙi. Kaɗan na iya lalata ƙodar yaro ko ta akuya, har ya kashe. Kada a zuba shi cikin kwalbar lemo. Kada a zubar da tsohon kusa da rijiya ko wurin shan dabbobi. Kada a mai da jarkarsa ta ruwan sha. In wani ya sha, a kai shi likita nan take, ko da bai nuna alamar ciwo ba.

Tambayoyi da lissafi

1. Waɗanne ɓarna biyu ruwan rijiya ke yi wa inji?
2. Wane rubutu za ku nema a jarka in lagiretonku na jan ƙarfe ne?
3. Peugeot 504 na cin kusan lita 8. In za a haɗa rabi da rabi, lita nawa na « concentré » za a saya?
4. Wata mota na cin lita 9. In za a sa kashi ɗaya cikin uku, lita nawa na tataccen ruwa za a nema?

Wanda ya karanta, ya karanta wa abokansa a tasha. Rigakafi ya fi magani.