Darasi: Wasan Muhawara Kan Ruwa Da Gudawa Tare Da 'Yan Gudun Hijira

Darasinmu na wannan fitowa na masu fita wayar da kai ne, musamman masu ziyartar matan da hare-haren 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, suka fake a kangaye da azuzuwan makarantu a Gusau, Tsafe da Bungudu. Abin da aka saba shi ne a tara su, malama ta yi ta bayani kan tsabta, su ce "to", a watse. "To" ɗin nan kuwa ta kara ce, ba ta gamsuwa ba. Gara a mai da zaman wasa, su yi gardamar da bakinsu.

Ki tanadi katuna, kowanne da magana guda a rubuce, da tsakuwa, da faifai biyu: na "gaskiya ne" da na "ban yarda ba". Mata shida zuwa goma sun isa tabarma ɗaya. Ke za ki karanta katin, domin da yawansu ba su yi boko ba. Kowacce ta ajiye tsakuwarta kafin a buɗe baki, in ba haka ba duk inda dattijuwar wurin ta sa, can amare za su bi.

Ki fara da labarin da suka sani. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka duwatsun zinare a cikin gida, ƙurar tana shiga bakin yara. Ki tambaye su, akwai wadda ta ga gubar da idonta? Daga nan sai ki jawo katin da ke cewa "Ruwan da ya yi garau ba shi da cuta." Za a yi musu sosai, don wata za ta ce ai ta sa alif. Alif yana kwantar da laka ne, ba ya gama da ƙwayoyin cuta. Tafasawa ce ke kashe su.

Katin da ya fi kowanne nauyi shi ne: "Yaro mai gudawa a rage ba shi ruwa don cikin ya tsaya." A nan ake gane malama mai haƙuri. Ko tsakuwa ta taru a faifan da ba daidai ba, kada ki yi wuf ki gyara. Ki ce, "Inna, me kika gani ga yaron da aka hana ruwa?" Cikinsu akwai wadda ta ga idon yaro ya zurma, maɗiga ta faɗa, fitsari ya ɗauke. Ki bar ta ta faɗa. Sai sun ƙare sannan ki ɗora naki: waɗannan duk alamun ƙarewar ruwan jiki ne, kuma shi ke kisa. A ci gaba da ba da nono. A ba da ruwan gishiri da sukari na ƙunshin ORS, in babu a haɗa: litar tafasasshen ruwa ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba. Ki sa biyu su haɗa a gaban kowa, a ɗanɗana. Kada gishirinsa ya wuce na hawaye. In kuwa bayan gidan ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, wannan alamar kwalara ce, asibiti nan take, ko da dare ne.

Zagaye na ƙarshe nasu ne. Ki ce, jarka ɗaya ce a ɗaki, itacen kuma bai isa tuwo da tafasa ruwa ba, ya za a yi? Nan fa ke ce ɗaliba, don sun fi ki sanin kuɗin ɗan ga-ruwa da na ƙullin itace. Abin da suka tsayar, ko da tafasa na ƙananan yara ne kawai a rufe a buta, ki rubuta, ki tambaye su a zuwa na gaba ko ya yiwu.

Kada ki haɗa wasan da ranar rabon tallafi, domin ranar kowa abin da kike son ji za ta faɗa. Kada kuma ki tono yadda suka baro gida. In wata ta ɗauko zancen da kanta, ki ajiye katin ki saurare ta.