Yadda Mutanen Amurka Suka Kafa Gwamnatinsu

A wannan darasi za mu ga yadda jihohi 13 suka haɗu suka zama ƙasa ɗaya.

A da can Turawan Ingila ne suke mulkin waɗannan jihohi. Ran 4 ga watan Yuli, 1776, mutanen jihohin suka ce sun fita daga hannun Sarkin Ingila. Aka yi ta yaƙi, sai a 1783 Ingila ta yarda da mulkin kansu.

To, samun mulkin kai daban, riƙe shi daban. Mutanen sun sha wuya a hannun sarki, saboda haka suna tsoron gwamnati mai ƙarfi. Sai suka kafa majalisa guda ta jihohin duka, amma suka hana ta iko. Ba ta da ikon sa haraji, sai dai ta roƙi jihohi kuɗi. Babu shugaban ƙasa. Kowace jiha tana yin abin da ta ga dama.

Ba da daɗewa ba sai aka ga aibin wannan shiri. Bashin yaƙi ya yi wa ƙasa katutu, ba kuɗin biya. Sojojin da suka yi yaƙi suna bin albashinsu. A 1786 manoman jihar Masacuset suka yi bore, don ana ƙwace musu gonaki saboda bashi. Nan fa manya suka gane, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A watan Mayu, 1787, aka fara taro a birnin Filadelfiya. Wakilai 55 ne suka halarta daga jihohi 12. Joj Washinton, wanda ya ja sojoji a yaƙin, shi ne shugaban taron. Gardama ta yi zafi. Manyan jihohi suka ce a raba kujeru bisa yawan jama'a. Ƙananan suka ce a'a, kowace jiha daidai take da 'yar'uwarta. Daga bisani kowa ya rage wani abu, aka shirya a yi majalisa biyu. A Majalisar Wakilai ana bin yawan jama'a. A Majalisar Dattawa kuwa kowace jiha wakili biyu gare ta.

Suka kuma raba iko kashi uku. Majalisa ta yi doka, ta sa haraji. Shugaban ƙasa ya zartar da doka. Alƙalai su yi shari'a. Dalili kuwa, kada iko ya taru a hannun mutum ɗaya.

Aka sa hannu a wannan tsarin mulki ran 17 ga Satumba, 1787. Da jihohi tara suka amince a 1788, sai ya zama doka. A 1789 Washinton ya zama shugaba na fari. A 1791 aka ƙara dokoki goma masu kare haƙƙin mutane, kamar ikon faɗin ra'ayi da bin addini.

Amma kada mu manta, tsarin bai 'yanta bayi ba. Ba a hana bauta ba sai 1865, bayan yaƙin basasa mai tsanani.

Tambayoyi

1. Me ya sa majalisa ta fari ta kasa?
2. Yaya aka sasanta manyan jihohi da ƙanana?
3. Don me aka raba iko kashi uku?