Hayar Mota Daga Filin Jirgi Zuwa Masauki: A Ƙulla Ta Tun Daga Gida



Darasinmu na wannan Juma'a na matafiya ne, da kuma 'ya'yan da suke biya wa iyayensu tafiya. A cikinmu nan Kafanchan akwai masu zuwa Umara, akwai masu sarin kaya a Dubai da Guangzhou, akwai dillalan cittar Kachia da Kwoi da suke zuwa ganin masu saye a waje, akwai kuma masu kai marar lafiya Alkahira ko Indiya. Mukan gama komai tsaf: biza, tikiti, otal, har da kuɗin tsaraba. Abu ɗaya muke bari, wato wanda zai ɗauke mu daga filin jirgi ya kai mu masauki. In an tambaya sai mu ce, "Ai idan mun sauka ma gani."

Fatake na da ba haka suke yi ba. Ayarin da zai je Gwanja sayen goro yana da madugu, yana da jagaba mai nuna hanya, kuma kowane falke ya san mai gidan da zai sauke shi a zango tun bai ɗaura wa jaki kaya ba. Ko da jirgin ƙasa ya iso garin nan a 1927, Kafanchan ta zama mahaɗa, baƙon da ya sauka a tasha yakan zo ne da sunan wanda zai nufa a bakinsa. Kuma shi wancan baƙon yana da Hausa da zai yi tambaya da ita. Wanda ya sauka a ƙasar Sin da tsakar dare fa? Baƙo ko da ido makaho ne, balle wanda ya kwana a sama, ga gajiya, ga dala a jikinsa, ga waya ba layi.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware wannan magana, sai dai su a kan raƙumi da jaki suka yi ta. A Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an raba hayar abin hawa gida biyu. Akwai hayar dabba ayyananniya, ka nuna ta ka ce wannan nake so ta kai ni gari kaza. Idan ta mutu a hanya, hayar ta warware a abin da ya rage na tafiyar, mai ita ba dole ba ne ya nemo maka wata. Akwai kuma haya ta lamuni, inda abin da aka ƙulla shi ne a kai ka, ba wata dabba takamaimai ba. A nan idan dabbar ta mutu, wajibi ne a kansa ya kawo wata.

To, mu sa mota a madadin raƙumi. Wani ya ba ka lambar wani direba a Jidda, ya ce mutumin kirki ne, ɗan gida ne, Hausa ma yake ji. Kun yi magana a WhatsApp, ya ce kada ka damu, Alhaji, zan zo. Wannan ita ce hayar dabba ayyananniya. Ranar nan motarsa ta lalace, ko barci ya kwashe shi, ko ya samu ciniki mafi tsoka, shi ke nan, ba wanda za ka riƙe. Amma idan da otal ɗinka ka ƙulla, ko da kamfanin sufuri mai rajista, ko da ejan ɗin da ya yi maka biza kuma ya rubuta ɗauko ka a cikin takardar, to lamuni ne. Direba ɗaya bai zo ba, sai su turo wani. A ganinmu wannan bambancin ya fi bambancin farashi muhimmanci nesa ba kusa ba. Ba muna cewa a guji 'yan uwanmu masu tuƙi a can ba ne, da yawansu sun fi kamfani amana. Amma a tambaye shi tun da wuri: idan wani abu ya tsare ka, wa zai zo a madadinka, mece ce lambarsa?

Da wa ya fi dacewa a ƙulla? Mafi sauƙi shi ne otal ɗin da za ka sauka, domin direbansu ya san ƙofarsu. Yakan fi tsada kaɗan. Masu tallan mota a Facebook da TikTok kuwa, akwai na gaskiya akwai na bogi, kuma hotunansu iri ɗaya ne. Wanda ya ce a tura masa kuɗin gaba ɗaya a asusun wani mutum tun kana Kafanchan, a yi hattara da shi. Kafin alƙalami kaɗan ya isa, sauran sai an sauke ka. In ya ce shi wakilin otal ne, a nemi lambar otal ɗin daga takardar kama ɗaki, a kira a ji daga bakinsu.

Sharaɗin haya shi ne a san kuɗin, a san kuma aikin. Saboda haka komai ya zama a rubuce, ko da saƙon waya ne. Kuɗin na mota ne gaba ɗaya ko kowane mutum da nasa? An haɗa da kuɗin ajiye mota a filin jirgi da na ƙofar hanya? Da wane kuɗi za a biya? Riyal 3.75 ne dala ɗaya, dirhamin Dubai kuma kusan 3.67, kuma farashin nan a tsaye yake, don haka kada wani ya yi maka lissafin kansa a bakin mota. A riƙe canji na kuɗin ƙasar, domin katin naira ba kullum yake aiki a waje ba. Sai maganar kaya, wadda mu 'yan kasuwa muka fi kowa sakaci da ita. Ƙaramar mota irin Camry za ta ɗauki mutum uku ko huɗu, amma bayanta ba zai ci manyan akwatuna takwas ba. A ƙirga akwatuna a faɗa musu. In akwai keken guragu a faɗa. Iyali mai yawa su nemi Hiace tun farko, ya fi a raba su mota biyu a ƙasar da ba su sani ba.

Yanzu ga inda aka fi yin asara, kuma ba ɓarawo a ciki, lissafin kwana ne kawai. Lokacin sauka da yake a tikiti agogon can ne, ba namu ba. Saudiyya tana gabanmu da awa 2, Dubai da awa 3, Indiya da awa 4 da rabi, Sin da awa 7. Misali jirginka ya tashi daga Abuja ranar Litinin da rana, ya yada zango a Adis Ababa, ya sauka Jidda ƙarfe 2:30 na dare. A bakinmu wannan daren Litinin ne, tunda ba mu kwanta ba. A takarda kuwa Talata ce, domin kwanan wata yana juyawa ne da ƙarfe 12 na dare. Idan ka rubuta wa kamfani Litinin ƙarfe 2:30, direba zai zo kwana guda kafin ka iso, ya jira, ya tafi, kuma kuɗinka ya ciwu. Maganin abin shi ne kada ka fassara komai. Ɗauki hoton tikitin ka tura, su ga lambar jirgin da kwanan watan da idonsu. Lambar jirgin ƙarshe ake bayarwa, wanda zai sauke ka, ba wanda ya ɗauke ka daga Abuja ba. Da ita suke bin sawun jirgin a intanet idan ya makara. A tambaya kuma: awa nawa direba zai jira bayan saukar jirgi kafin a fara caji? Layin jami'an shige da fice a lokacin azumi yakan ci lokaci sosai.

Wannan lissafin ya shafi ɗaki ma. Yawancin otal da rana suke ba da ɗaki. Wanda zai isa da asubar Talata, in yana so ya kwanta nan take, sai ya kama ɗakin tun daga daren Litinin. In ba haka ba, mota ta kai shi lafiya, ya zauna a kujerar falo da tsofaffi har azahar.

Kada a dogara da waya. Layinmu ba lallai ya kama ba, intanet ɗin filin jirgi kuma wani lokaci sai ya nemi tura lamba a layin da ba ya aiki. A buga takarda ɗaya mai ɗauke da sunan otal, adireshinsa, lambar direba, lambar ofishinsu, da kuɗin da aka yi ciniki. Maza masu harami su tuna ba su da aljihu, takardar ta shiga ɗamarar kuɗi tare da fasfo.

Da ka fito, za ka ga masu tare mutane suna tasi, tasi, irin 'yan kamashon tasharmu, har wani ya kai hannu kan akwatinka. Direbanka yana riƙe da kwali mai sunanka. In wani ya matso ya ce shi aka turo, kada ka faɗa masa sunanka. Tambaye shi wa ya zo ɗauka, kuma wane otal za shi. Wanda aka turo ya sani. A duba lambar mota kafin a sa kaya, a tura hotonta gida. Fasfo kuma ba ya zuwa hannun direba ko da me zai ce.

A Jidda a san cewa filin jirgin Sarki Abdul'aziz yana da wurin sauka fiye da ɗaya: akwai Tasha ta 1, akwai Tashar Arewa, akwai ta Alhazai, kuma ba a zuwa wata daga wata da ƙafa. A tabbatar direba ya san wadda za ka fito. Daga nan zuwa Makka tafiyar awa ɗaya ce da wani abu. Hukumomin Saudiyya suna cin tarar masu ɗaukar fasinja ba lasisi a filayen jirgi, don haka mai raɗa maka araha a ƙofa yana iya jawo a tsare motar kuna ciki. Otal-otal na Makka da yawa sunansu kusan ɗaya ne, sai a haɗa da unguwa: Misfala ce, Ajyad ce, ko Aziziyya? Kuma ana rufe titunan kusa da Harami a lokutan salla, musamman a azumi, mota ba za ta kai ƙofa ba. A tambayi otal inda ake sauke mutane da wanda zai taimaka da kaya.

Guangzhou ita ce inda ba mu ba kowa shawarar ya je ba shiri. WhatsApp da Google da Facebook ba sa aiki a kan intanet ɗin ƙasar, su WeChat suke amfani da shi, motar haya kuma DiDi. A saukar da su a kuma gwada su tun a gida. Yawancin direbobi ba sa karanta rubutun boko, saboda haka adireshin otal ya kasance da rubutun Sinanci. Nuna masa Xiaobei ko Sanyuanli da baƙaƙenmu ba lallai ya gane ba. A watan Afrilu da Oktoba, lokacin babban baje kolin Canton, garin yakan cika, a kama mota da ɗaki da wuri.

Ba kowace tafiya ce take buƙatar shata ba. Mai zuwa Deira a Dubai, tasi na hukuma yana nan a layi a ƙofar filin jirgi, da mita, tafiyar kuma gajera ce. Akwai ma masu jan-baki-bakin rufi, ruwan hoda, waɗanda mata ke tuƙawa don mata da iyali. A duba dai tikiti, ko a Dubai ɗin jirgin zai sauka ko a Sharja. Saurayi mai jaka ɗaya da ya sauka Jidda da rana zai iya hawa jirgin ƙasa na Haramaini, wanda aka buɗe a 2018, yana da tasha a Tasha ta 1. Sai dai yana da iyaka a kan kaya, kuma tasharsa ta Makka a Rusaifa take, sai an ƙara da tasi. Alhazan da suka tafi ta hannun Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kaduna kuwa, motarsu tana cikin kuɗin kujera. Duk wanda ya nemi kuɗin mota a wurinsu a filin jirgi, su kai maganar ga jami'ansu.

Ku kuma 'ya'yan da kuke tura Baba ko Hajiya su kaɗai, aikin nan naku ne. Ku biya ta yadda tsoho ba zai buɗe ɗamara a gaban baƙo ba. Ku nemi kamfanin jirgi ya ba su keken guragu tun wurin sayen tikiti, ko da suna iya takawa, domin mai tura keken zai fito da su har inda direbobi suke tsayawa. Ku zauna da su ku ce, "Baba, ga takardar nan. Wanda ba ya riƙe da sunanka, kada ka bi shi, ko da ya yi maka Hausa." Ku kuma bar wayarku a kunne a daren.

Dawowa ma a ƙulla ta. Filin jirgin Nnamdi Azikiwe yana can ɗaya gefen Abuja ne, mu kuwa sai mun ratsa gari, mun sha cunkoson Nyanya da Mararraba, mun kai Keffi, sannan mu kama hanyar gida. Wanda ya sauka da yamma ɗauke da kayan Dubai ko ruwan zamzam, kada ya tari motar kan titi, mun san labarin 'yan wan-cans. Kada kuma ya kamo hanyar Kafanchan da dare. Ya shirya wanda zai ɗauke shi da inda zai kwana a Abuja, direban gida ya zo masa bayan sallar asuba.