Kayan Mutane a Hannun Mahaifina

'Ya'yana, tunda furfura ta cika mini kai ba wanda nake yawan tunawa kamar mahaifina, Allah Ya jiƙansa Ya kai haske kabarinsa. Marini ne a Kura, garin nan da ke kan hanyar Zariya in an baro Kano, wanda turkuɗinsa ya yi suna har cikin Sahara. Har ya koma ga Allah hannuwansa shuɗaye ne zuwa gwiwar hannu, ba sabulun da ya iya da su. Ba mai yawan magana ba ne. Bai taɓa zaunar da mu ya ce yau zai koya mana zaman duniya ba. Abin da muka samu, a bakin karofi muka tsince shi.

Rini ba ya son gaggawa. Sai an zuba ruwa a rijiyar marina, a sa toka da katsi da ganyen baba, a yi ta motsawa kwana da kwanaki har ruwan ya nuna. Sannan a tsoma zane, a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa, har launin ya kama. Daga nan a kai wa mabuga su buga shi da shuni sai ya yi ƙyalli. Duk tsawon wannan lokaci kayan wani ne a hannunka, kuma sau da yawa kuɗinsa na aljihunka. Nan ne tsohona ba ya wasa. In ya ga ɗayanmu yana jan zanen mutane a ƙasa, ba ya duka, ba ya zagi. Sai ya kalle ka ya ce, "Naka ne?" Iyakar faɗan ke nan, amma sai ka gwammace bulala.

Akwai wani Buzu da yake zuwa daga wajen Agadas kowane rani, ya ba da kafin alƙalami, ya tafi harkokinsa, ya dawo ya karɓi turkuɗin rawani. Wata shekara ya biya kuɗi ya wuce, har da ragowar canji a hannun mahaifina. Sai 1973 ta shigo. A farkonta aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, sannan ga farin nan da ya cinye amfanin gona ya kashe dabbobi tun daga nan har Abzin. Buzu bai dawo ba. Mahaifina ya naɗe turkuɗin a takarda, ya canza ragowar kuɗin, fam ɗaya naira biyu, ya ƙulle su tare ya rataye a ɗakinsa.

Wanda bai ga wannan fari ba, ba zai gane nauyin ƙullin nan ba. Dawa ta yi tsada, ciniki ya tsaya, don wanda ba shi da na tuwo ba ya tunanin rawani. Mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, ta ce, "Malam, a sayar mana, in mai shi ya zo a rina masa wani." Ba ta faɗi abin kunya ba, ni ma da an tambaye ni a lokacin bayanta zan bi. Ya ce, "Wanda ya ba ni bai ce in sayar ba." Maimakon haka ya sayar da babbar rigarsa ta Sallah.

Bayan farin, Buzaye da yawa da raƙumansu suka mutu sun gangaro Kano suna aikin gadi. Duk wanda mahaifina ya gani sai ya tsaya ya yi cigiya. Shekaru suka ja kafin a kai shi wurin wani saurayi da ke gadin kanti a birni, ashe ɗan mutumin ne, uban kuwa ya rasu tun a farin. Yaron bai ma san da maganar ba. Da mahaifina ya yi shiru, ba mahaluƙin da zai tuhume shi. Ya kira shaidu biyu, ya kwance ƙullin a gabansu, ya miƙa.

Kada ku ɗauka shi ba ya cin bashi. Yana ci, ai Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Bambancinsa shi ne ko na sisi ne sai ya rubuta da ajami a wani ɗan littafi, wanda yake bi da wanda ke binsa. Yakan tuna mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Kuma kun sani ba a raba gado sai an fitar da bashin mamaci. An taɓa kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gawar wani mai bashi, bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Ranar da muka kai mahaifina makwancinsa, aka yi shelar da aka saba, duk mai bin mamaci ya zo ya ga iyalansa. Mutum biyu suka zo, kuma dukansu sunayensu na cikin littafin, adadin bai saɓa ba.

Abin da ke damuna da ku, 'ya'yana, ba cin bashin ba ne, sauƙinsa ne. Yanzu da danna waya kuɗi ya shigo. "Turo mini, gobe zan mayar maka." Gobe ta yi, a daina ɗaga waya. Tela ya karɓi ɗinkin Sallah da ya san ba zai gama ba. A ɗauki adashi, a fara nuƙu-nuƙu wajen zubi. Ba na cewa zamani bai yi tsanani ba, na ga yadda kuke fama. Amma farin 1973 ma tsanani ne.

Wanda mahaifinsa ke raye a cikinku, ya je ya gaishe shi cikin makon nan, ya zauna, ya tambaye shi cikin ladabi: "Baba, akwai wanda yake binku? Akwai ajiyar wani a wurinku?" Ya rubuta. Wanda nasa ya riga mu gidan gaskiya, ya nemi abokan tsohon da suka rage ya yi musu wannan tambayar, ya biya abin da ya samu, ya yi masa addu'a. Sannan ku buɗe naku littafin tun yau. Allah Ya yi muku albarka.