Kafin a buɗe kwalbar asid, a fara duba famfo

Aikina kula da ɗakin gwaje-gwaje ne a sashen ilimin sinadarai na wata jami'a. Ranar da ba na mantawa ita ce wadda asid ya fallatsar wa wata ɗaliba 'yar aji biyu a hannu. Muka ruga famfo, muka murɗa, ko ɗigo babu. Ledojin fiya wata muka dinga fasawa muna kwarara mata. Allah Ya taƙaita, tabo kawai ya bar mata.

Tun daga ranar ba na buɗe kabad ɗin sinadarai sai na ga famfo na zuba, ko an cika duro. Wasu malamai sun yi ƙorafi wai ina cinye musu lokacin darasi. Na ji, amma ban fasa ba.

Idan asid ko soda ta taɓa fata ko ido, maganin farko ruwa ne, a yi ta kwararawa aƙalla minti 15, a cire tufafin da ya jiƙe, sannan a nufi asibiti. Ban da manja, ban da ƙwai, ban da man goge baki. Sodar nan da ake sabulu da ita ma ta fi ban tsoro a ido, domin ratsawa take yi tana cin nama ta ciki. Wajen sirki kuwa, asid ake tsiyayawa cikin ruwa a hankali. In aka juya, zafi kan sa ya tafasa nan take ya watso fuska.

Kada kuma safar hannu ta ruɗe ku. A 1996 Farfesa Karen Wetterhahn ta Kwalejin Dartmouth a Amurka, masaniyar gubar ƙarafa, ɗigo kaɗan na wani sinadarin makuri ya zubar mata bisa safar roba. Ya ratsa. A 1997 ta rasu. Kowane sinadari da irin safarsa, kuma tana rubuce a takardar bayaninsa.

Sauran kun sha ji: ban da silifas, ban da zuƙar sinadari da baki, mayafi a cusa shi cikin farar riga kafin a matso wuta, kuma kada a ɗura komai a robar ruwan sha.

Shugabannin sassa, don Allah, in kuɗin gyara ya fito bana, a fara da famfon ɗakin gwaji kafin labulen ofis.